Yadda Ake Gyaran Katakon Tsohon Jirgin Ruwa Ba Tare da Kowa Ya Yaba Ba

Unguwar Tompkinsville da ke gaɓar arewa maso gabashin tsibirin Staten, a birnin New York, ta samo sunanta daga Daniel D. Tompkins, gwamnan jihar da ya zama mataimakin shugaban Amurka a 1817, shekarar da jirgin fito mai tururi na kamfaninsa, Nautilus, ya fara jigila zuwa Manhattan. Saboda haka mazaunin unguwar da ya sayi tsohon jirgin ruwa yana da hujjar tarihi da zai gabatar wa iyalinsa, ko da yake hujjar ba ta rage ko sisi daga kuɗin gyara. Katakon cikin irin waɗannan jirage galibi tik ne ko dangin maɗaci, an shafe shi da banish, wato man da ke bushewa ya zama fatar da ke kare itace daga danshi, kuma shekaru sun mayar da shi ruwan zuma mai dusasshen ƙyalli. Burin mai gyara shi ne ya kashe kuɗi da makonni a kan tabo guda, har baƙo ya shigo ya fita bai ga alamar aiki ba.

Ana farawa da gano abin da magabata suka shafa, kuma ana yin gwajin a bayan ƙofar kabad, inda ɓarna ba ta da shaida. Idan sifirit ya narkar da shafen, to shalak ne, wani ƙaro da ƙwari ke samarwa a Indiya. Idan tina ce ta narkar da shi, to irin wanda masana'antu ke fesawa ne. Idan kuwa duka biyun sun gaza, banish ne, sai mai jirgi ya ɗauki samfefa mai lamba 220 ya rungumi ƙaddara.

Dusasshen ƙyalli yana samuwa ne daga wani lallausan garin silika da ake zubawa cikin banish domin ya warwatsa haske, kuma garin yana kwanciya a gindin gwangwani. Wanda bai juya ba zai shafa ƙyallin madubi da safe, ya shafa hazo da yamma, duk daga gwangwani ɗaya. Wanda ya girgiza maimakon ya juya a hankali zai cika bangon da kumfa. Ƙwararru suna yin shafen ƙasa da mai ƙyalli, su bar dusasshen ga shafen ƙarshe kawai, domin idan aka jibga shi yana rufe zanen itacen da aka sayi jirgin dominsa. Wasu kuma suna jira mai ƙyallin ya bushe sarai, su goge shi da soson tagulla har ya dushe. Soson ƙarfe ya fi araha, amma burbushinsa yana maƙalewa a katako, iskar gishiri ta mayar da shi ɗigon tsatsa, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sanyi ma yana da ta cewa, tun da banish ba ya bushewa yadda ya kamata idan zafi ya gaza digiri 10, abin da ke ba mai jirgi uzurin kimiyya na rashin taɓa komai daga Disamba zuwa Maris.

Launi ne ke karya gwiwa. Rana ta koɗar da saman tsohon katako, samfefa kuma tana tono asalin launin da ke ƙasa, don haka ƙa'ida ita ce a gyara allon gaba ɗaya har zuwa mahaɗarsa da na kusa. Sai dai allon da aka gyara yakan tona asirin maƙwabcinsa, maƙwabcin ya tona na gaba, har aikin ya zagaye ɗakin. Mai neman ma'auni yana iya zuwa cibiyar al'adu ta Snug Harbor, ba nisa da unguwar, ya ga ɗakin aiki na kan ruwa da mai zane John A. Noble ya gina daga falon tik na wani yasasshen jirgin alfarma, sannan ya dawo gida da ladabi. Idan bayan wannan tabon bai saje ba, ana sayen taswirar tashar ruwan New York wadda ta fi shi faɗi, a kafe ta a kansa da kusoshin tagulla huɗu, a kuma rage ƙarfin ƙwan fitilar ɗakin.