Kafin Buloman Ya Fara Duka

A gidan kallo na zangon Kete Krachi, 'yan mintocin da sunaye ke tafiya a kan allo, kafin buloman, wato jarumin fim, ya fara duka, su ke tona asirin kowa.

Ga Malam Mai-karatu. Turancinsa a firamare ya tsaya, amma ba sunan da zai gifta bai kai masa hari da babbar murya ba. Ya tsallake Arnold lafiya, da ya iso Schwarzenegger sai ya ci birki kamar motar doya a bakin Volta tana jiran jirgin fito. Ya yi tari, ya gyara hula, ya ce, "Kai dai, Kwamando." Alhali fim ɗin nan na 1985 tuni ya fara zance: ga ƙato da gungumen itace a kafaɗa, ga shi da 'yarsa suna ba barewa abinci, suna shan askirim. An nuna maka ƙarfinsa, an nuna maka inda za a taɓa ya haukace. Malam bai ga ko ɗaya ba, yana can yana kokawa da sunan mai kiɗa. Sai an sace yarinyar ya zungure ka: "Yaya, wannan kuma 'yar waye?"

Akwai boka. Da an nuna mahaya biyu suna ratsa duwatsu a farkon Sholay, sai ya girgiza kai ya ce yana jin warin mutuwa. Ya haddace fim ɗin tun zamanin kaset.

Akwai mai tafa wa zakin MGM, ko me zai biyo baya. Akwai mai shigowa da wake da shinkafa a ganye yana taka ƙafafun mutane, yana tambaya, "Kila ya fito?", wato mugun cikin fim ɗin. Yara kuwa, da James Bond ya juyo cikin bakin bindigar nan da Maurice Binder ya ƙirƙiro wa Dr. No a 1962, sai su duƙe ƙarƙashin benci. Su ne ma suka fi kowa gane abin da ake nufi.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai rimot, mai cewa, "Ai rubutu ne kawai," ya danna a guje. First Blood na 1982 yana buɗewa da Rambo shi kaɗai a gefen hanya, ƙunshi a kafaɗa, ƙahon Jerry Goldsmith na bin sa da kuka. A nan ake sanar da kai cewa sojan yaƙin Biyetnam ne da ya dawo gida bai tarar da mai maraba ba. Cire wannan, abin da ya rage wani mahaukaci ne ke jibgar 'yan sanda. Mun biya kuɗin fim cikakke, wani ya yanke masa kai don yana sauri, kuma ba inda za shi.

Sai mutum guda a bencin baya, wanda ya san sunan Binder kuma ba ya barin kowa ya manta. Yanzu dai ba mai zama kusa da ni.