Bazazzagi, Turanci ba ya fid da mutum daga ruwa

Kai bawan Kanawa, malamin Turanci na Samaru. Labari ya iso mana Karaye cewa ka tara ɗalibai kana yi musu ɓarin ilimi a kan kalmomin da Bature ke faɗa idan mutum ya shiga ruwa. Wai kalma ɗaya sai ta haifi ma'ana goma. Madalla. Tambayata ɗaya ce: kai da ruwanka bai wuce jarkar ɗan ga-ruwa ba, a ina ka san ana shiga ruwa har a yi masa darasi?

Na ji misalanka, kuma ba laifi. Ka ce “dive” nutso ne, amma ɗan ƙwallon da ya zube a gaban raga ba wanda ya taɓa shi, shi ma haka ake ce masa. Ka ce “sink” nutsewa ne, kuma shi ne wurin wanke-wanken matar Bature. Sai “float”, wai abu ya tsaya a saman ruwa bai nutse ba. A nan fa na ce Bature ya cuce ka, kai kuma ka cuci yara. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira da wannan kalmar, dala tana ƙasa da naira 500 a hukumance. Farkon 2024 ta haura 1,500. Je ka kasuwar rake ta Maƙarfi ka gaya wa dillalai naira tana saman ruwa, ka ga ko za ka fito da hularka.

Mu nan ba da alli muka koya ba. Tun da aka gama madatsar Challawa a 1992, bango mai tsawon fiye da kilomita 7, ruwa ya kwanta a kan gonakin da iyayenmu suka noma, ƙauyuka suka tashi, jikokin manoma suka koma riƙe kalli da ƙugiya. Wanda ruwa ya zo masa har ƙofar gida dole ya rarrabe kalmominsa. Iyo daban, kurme daban. Mai kurme zai toshe hanci ya ɓace a nan, kana salati sai ka ga kansa ya ɓullo can kusa da kwalekwale yana dariya. Nutso da gangan ake yi, nutsewa kuwa ba a shawara da kai. Idan aka ce mutum ya sha ruwa, to da sauransa, a kifa shi a danna. Idan aka ce ruwa ya ci shi, sai a nemo masunta da liman.

Ka taɓa ganin mai su a kan gora? Ƙaton gora ne, zai kifa cikinsa a kai, ƙafafu na tuƙi a baya, hannu na bin ƙugiyoyin da ya shimfiɗa tun daren jiya. Tarwaɗa ta kama, ya cire ta, ya ɗan karkata ya jefa ta ta bakin goran da yake kwance a kai, ya wuce. Jirginsa ke nan, kuma rumbunsa. Buɗe ƙamus ɗinka ka nemo mini kalmar Bature guda da ta ɗauke wannan.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wanda ke koyar da bambance-bambancen. Bazazzagi fa! Mutumin da har yau zai ce maka “matana ya tafi unguwa”. Ka kasa raba mace da namiji a harshen da ka sha a nono, ka tsallaka Ingila kana raba musu iyo da shawagi.

In ka isa, biyo ta Rogo, ai iyaka ɗaya ce tsakaninmu, ba ka da uzurin nisa. Zan sa a soya maka karfasa, a ba ka aron gora. Amma ka bar ƙamus a gaɓa, yana da nauyi, kuma in ka ji ƙafa ta daina taɓa ƙasa ka yi ihu da Hausa, don yaran bakin dam ba sa ceto da Turanci.