Wasiƙa Zuwa Ga Injin da Ke Juyi Bai Tashi

Daga bawan Allah mai neman halalinsa tsakanin Sheme da Funtua, zuwa ga Malam Inji, mazaunin ƙarƙashin bonet, ma'abucin nozul huɗu da ƙwaƙwalwa guda. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiya, ko da yake lafiyar taka ita ce mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Bayan haka, ina tunatar da kai abin da ya gudana tsakaninmu ran nan da la'asar sakaliya, a inda hanyar Ƙanƙara ta rabu da babban titin Funtua zuwa Gusau, sa'ad da na gama ɗaure buhunan masara, fasinja suka zauna, na yi bisimilla na murza makulli, kai kuwa ka shiga juyi kana gurnani kamar ladanin da ya dage da gyaran murya alhali ba shi da niyyar kiran salla. Kuma ka sani sarai, kamar yadda kowane mutumin ƙasar Faskari ya sani, hanyar nan ba wadda mai hankali ke so magariba ta riske shi a kanta ba ce a wannan zamani. Da shiru ka yi da na yi maka uzuri, na ce batir ne ya mutu ko kik ya gaza. Amma juyin da ka yi da ƙarfinka ya wanke su duka biyun, ya bar tuhuma a kanka kai kaɗai.

Na zauna da kakanka, Fijo 504, wanda aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antarsa ta fara aiki a 1975. Shi wannan dattijo cutarsa a zahiri take: in ya ƙi tashi, a buɗe kafireta, a hure ramin da ya toshe da iskar baki, a ɗiga masa fetur a maƙogwaro, yara huɗu su tura, shi ke nan an yi sulhu. Kai kuwa na bincika nasabarka na iske tana tuƙewa a Jamus, inda kamfanin Bosch ya ɗora wa wata Volkswagen feshin mai na lantarki a 1967, har zuriya ta yaɗu, kai ka biyo ta Kwatano ka iso mana da laƙabin Beljiyam, cutarka duk a baɗini, ba ka faɗa wa kowa sai wanda ya san hanyar tambaya.

Allah da ikonsa, aka samo wani dattijon makanike da yaronsa, ya zo ya kafa majalisar shari'a a gefen titi. Ya ce inji ba ya tashi sai rukunai uku sun cika, wato mai da wuta da matsi, kuma kowanne a kan lokacinsa, kamar yadda ibada ba ta inganta in lokacinta bai shiga ba. Kafin ya rufe baki 'yan kallo sun fara ba da fatawa ba a tambaye su ba. Wani ya ce makullin ne ya manta da motar, wani ya ce bakin mutane ne, jamhurinsu kuwa suka haɗu a kan birenbos, wato ƙwaƙwalwarka, ta ƙone, kuma na lura ijma'in 'yan kallo kullum a kan abin da ya fi tsada yake sauka, tun da ba aljihunsu za a taɓa ba.

Dattijon bai tanka musu ba. Ya zare wayar fulogi, ya sa mata wani fulogin ya jingina shi da jikinka, na murza, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle. Ya ce to, kwail ya kuɓuta, haka nan ɗan sansan da ke ƙidaya juyinka yana kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, domin ita ƙwaƙwalwar alƙaliya ce mai tsananin taka tsantsan, wadda ba ta hukunci sai da shaida, in kuwa wannan ɗan sheda ya mutu, sai ta hana wuta ta hana mai gaba ɗaya, ko da mai mota zai kwana yana murza makulli. Matsi kuma da kunne ya tantance shi, ya ce da belin taimin ya tsinke da an ji kana wulwulawa sakayau kamar injin niƙa babu hatsi.

Saura mai. Ya yayyafa ɗan fetur kaɗan ta hanyar da kake shaƙar iska, sai ga ka ka tashi, ka yi numfashi biyu, ka koma ka kwanta. Ashe yunwa ce, alhali allura tana cewa da saura a tanki. Ya roƙi jama'a su yi shiru, abin da ya fi gyaran wuya, ya kara kunnensa a bakin tankin, ya ce in kunna makulli kada in ba da kik, domin famfon mai lafiyayye yakan yi ɗan zuzu kamar ƙudan zuma na daƙiƙa biyu. Ba a ji komai ba. Fiyus lafiya lau. Aka musanya rile da ɗan'uwansa mai kama da shi, shiru. Daga nan ya ari sandar wani makiyayi, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa ƙasan tankin sau uku ina murzawa, sai ga zuzu, sai ga ka ka tashi kamar ba kai ba.

A nan ne shari'a ta juye, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Dattijon ya dube ni ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da cika tanki?" Na sunkuyar da kai, domin tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka shelanta janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ban ƙara ba ka abin da ya fi galan guda daga hannun 'yan bumburutu ba, allurarka kuwa ta tare a kan ja kamar ta gaji wurin. Shi ko famfon a cikin tankin yake zaune, fetur ɗin da yake turawa shi ke sanyaya shi, saboda haka shekara da shekaru ina gasa shi a bushe, ina ɗura masa laka da ƙurar gindin jarka har rariyarsa ta toshe.

Na karɓi laifina. Amma kai ma da sauran magana a kanka. An yi maka fitila a gaban direba don ka riƙa faɗin damuwarka, sai ka kunna ta tun daga Kwatano ka bar ta haka, har ta zama kamar kukan jaki, ba a bambance na yunwa da na nishaɗi. In kuma an matsa maka, ka ce ba ka magana sai da kwamfuta, wadda sai an tafi Funtua ko Zariya. A ranar da kake da abin faɗi na gaskiya kuwa, ko ƙyaftawa ta daban ba ta yi ba.

Ga sharaɗin sulhu. Ni zan sayo sabon famfo da matatar mai da zarar masara ta yi daraja, kuma ba zan ƙara barin tanki ya gaza rubu'i ba, in Allah ya hore. Kai kuma ka tashi da murzawar farko gobe da asuba, domin akwai waken soya da na yi alkawarin kaiwa. Sandar makiyayin nan dai na saye ta, tana nan ƙarƙashin kujerata.

Haza wassalam.