Kalmomi Goma Sha Biyu da Makin Malama

Kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet da babu wani babban banki da ke buga shi ko tsaya masa, ya fara ne da Bitcoin a shekarar 2009, kuma wanda ya ƙirƙiro shi ya fake da sunan Satoshi Nakamoto, har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba. Kuɗin ba a cikin waya yake zaune ba, ko da yake yawancin sababbin shiga haka suke zato. A rubuce yake cikin wani kundin ciniki da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, ita kuwa waya mabuɗi kawai take riƙewa. Manhajar da ke adana mabuɗin ita ake kira walet, kuma ranar da aka buɗe ta takan ba mai ita kalmomin Turanci 12 ko 24, waɗanda aka tsamo daga wani jeri mai kalmomi 2048, tare da gargaɗin ya rubuta su a takarda, kada ya ɗauke su hoto, kada ya nuna wa kowa. Wanda ya riƙe kalmomin ya riƙe dukiyar, wanda ya rasa su kuma babu ofishin da zai kai kuka.

Wani magidanci mai sayar da kayan masarufi a Kano, wanda za a sakaya sunansa domin maƙwabtansa suna karatu, ya kiyaye duk waɗannan ƙa'idoji. Ya sayi USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, ta hanyar cinikin mutum da mutum da 'yan harkar ke kira P2P, inda mai saye ke tura naira zuwa asusun mai sayarwa, dandalin kuma ya riƙe kuɗin kirifton har sai an tabbatar da biya. Wannan hanya ta yi ƙarfi a Najeriya bayan Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar a watan Fabrairun 2021, kuma ba ta mutu ba bayan an sassauta hanin a Disamban 2023. Ya kwashe abin da ya saya zuwa walet ɗin kansa, ya rubuta kalmominsa 12 da hannunsa, ya ninke takardar ya cusa ta cikin ƙamus na Turanci, bisa hujjar cewa littafi ne da babu mai buɗe shi a gidan.

Da wayarsa ta fara ɗaukewa, mai gyara ya yi mata filashin, wato ya goge komai ya mayar da ita sabuwa, magidancin bai girgiza ba, sai ma ya ɗauko takardar daga ƙamus ya dawo rumfar gyaran, yana yi wa waɗanda ke zaune a kan benci bayanin cewa mai ilimin abu ba ya tsoron gogewar waya.

Ya juya wa jama'a baya, ya kare takardar da hannun babbar riga, ya shiga shigar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya lura cewa rubutun ya fi yadda ya san hannunsa kyau, amma ya danganta hakan ga natsuwar da ya yi a ranar da ya rubuta. Ya lura kuma cewa kalmomin suna tafiya cikin wani tsari mai daɗin bi, sai ya ɗauka baiwa ce ta masu manhajar. Da ya danna ta ƙarshe manhajar ta karɓa, ya ɗaga murya ya yi hamdala har mai shayin da ke gefe ya amsa, sannan ya juyo da fuskar wayar ga jama'a domin su shaida, kafin shi kansa ya duba. Saboda haka mutanen benci suka riga shi ganin abin da ke kan gilashin, wato sifili, ɗigo, sifili, sifili. Ya ja fuskar wayar ƙasa domin ta sabunta, sifilin ya tafi ya dawo. Ya kashe data ya kunna, ya ɗaga wayar sama wajen da sabis ya fi ƙarfi, sifilin bai motsa ba. A nan ne ya warware ninkin ƙarshe na takardar, wanda bai taɓa buƙatar buɗewa ba, ya tarar da jan biro a ƙasa: an yi alamar daidai, an rubuta 12/12, an sa hannu, an sa kwanan wata.

Binciken da aka yi ta waya nan take ya nuna cewa 'yarsa da ke aji huɗu na firamare, wadda ake koya wa jera kalmomi bisa tsarin haruffa, ta buɗe ƙamus ta tsinci kalmomi 12 a hargitse, ta ji tausayinsu, ta kwafe su a sabuwar takarda daga mai harafin farko zuwa mai na ƙarshe, ta kai wa malama ta duba, sannan ta mayar da su inda ta same su, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Tsohuwar takardar, da yake ƙazamin rubutu ce, an hura gawayi da ita.

Matsalar ita ce jerin kalmomin wani ɓangare ne na mabuɗin, don haka kalmomi iri ɗaya a jeri daban walet daban suke buɗewa. Kalmar ƙarshe tana ɗauke da wata 'yar alamar tantancewa da kan sa manhaja ta ƙi yawancin jerin da aka birkita, amma kusan ɗaya cikin 16 yakan wuce, kuma jerin yarinyar ya faɗa cikin masu wucewa, ya buɗe wa mahaifinta walet halastacce wanda babu ko sisi a ciki. Kalmomi 12 suna jeruwa ta hanyoyi 479,001,600, wanda ke nufin mai gwada ɗaya a kowane minti, ba barci ba salla, zai shafe fiye da shekara 900. Yaron mai gyara ya faɗi gaskiyar magana a hankali, cewa kwamfuta na iya bin jerin duka idan an san adireshin walet ɗin, sai dai duk wanda aka miƙa wa kalmomin domin wannan aiki an miƙa masa kuɗin ne, kuma masu tallar dawo da kuɗin da ya ɓace a intanet galibinsu 'yan damfara ne. Babu wanda ya saurare shi, domin a daidai lokacin wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya zo canjin batir, ya gyara zama.

Dattijon ya bayyana cewa a tsawon aikinsa bai taɓa ganin takardar da ta ɓace ta gagari hukuma ba, muddin an bi matakai. Da farko a je ofishin 'yan sanda a karɓo rahoton ɓacewa, daga nan a wuce kotu a yi takardar rantsuwa cewa kalmomin nan a hargitse suke tun asali, sannan a rubuta wasiƙa zuwa ga shi Satoshin, ta hannun mai unguwa, a haɗa da kwafin makin malama a matsayin shaida. Da aka sanar da shi cewa ba a san inda mutumin yake ba, ya ce ai manya duk haka suke, sakatarensa ake nema. Yaron mai gyara, domin ya rage wa magidancin zafi, ya kawo labarin James Howells na garin Newport a Birtaniya, wanda faifan kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 ya tafi juji a 2013, ya yi ta neman izinin tono har kotu ta yi watsi da ƙararsa a Janairun 2025. Dattijon ya girgiza kai cikin takaici, ya ce da ganin wannan Bature bai yi takardar rantsuwa ba.

Sannan ya dafa kafaɗar magidancin ya ce, "Ɗana, kada ka manta da hoton fasfo guda biyu, kuma mai farin baya, domin Turawa ba sa karɓar ja."