Daji Ba Ya Son Ƙarfe, In Ji Wa?

Hajiya, na gan ki a Kantin Kwari. Kafin ki biya kuɗin atamfa sai da kika murza ta, kika ɗaga ta a rana, kika ce wa mai shago roba ce. To wannan hannun gwanin bincike, yaushe rabonsa da laluba mamanki? Ana yi ne kwana kaɗan bayan kin gama al'ada, da tafin yatsu, har cikin hammata. Ko shayinki ba zai huce ba kin gama.

Na san me za ki ce: "Tsoro nake kada in ji wani abu." Kwantar da hankalinki, galibin ƙullutun da ake samu a mama ba daji ba ne. Akwai na 'yan mata, mai santsi kamar ƙwallon roba, kina taɓa shi yana zillewa. Akwai mai ruwa a ciki. Akwai kumburin masu shayarwa, mai zafi da zazzaɓi.

Ita kuma Yaya can gefe ta taɓe baki, wai nata ba ya ciwo, saboda haka lafiya lau. Yaya, shi ɗin ne ma abin dubawa. Na sankara sau da yawa shiru yake zuwa, mai tauri, ba ya motsi. Wani lokaci fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nonon ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini.

Sai babbar magana, wai daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai fusata. Wa ya zauna da shi ya ji ra'ayinsa? Likita zai duba da hannu, a ɗauki hoto (sikanin ga mai ƙuruciya, mamogiram ga wadda ta haura 40), sannan a kashe wurin da allura a tsakuro ɗan nama, a kai ɗakin gwaji. Wannan ɗan naman ne kaɗai zai faɗi gaskiya. Waɗanda ake cewa ƙarfe ya kashe, yawanci sun yi wata da watanni ana shafa musu ƙulli a gida, sai da wurin ya fashe aka kwashe su zuwa asibiti.

Malam, kai da kake ta dariya a bayan jarida, kusan ɗaya cikin 100 na masu wannan cuta namiji ne. Ɗaga rigar mu gani.