Madalla da Masu Girmama Tsofaffi

Duk wanda ya ce Kamaru ba ta san darajar tsoho ba, bai san ƙasar ba. Wace ƙasa ce ta riƙe dattijonta kamar yadda muka riƙe Paul Biya? An haife shi a 1933, ya hau mulki a 1982, a Oktoban 2025 kuma, yana da shekara 92, aka ƙara masa wasu bakwai. Da jiki ya motsa, ga jirgi, ga otal ɗin Intercontinental a Janeba.

Mu a Garwa gatanmu daban ne. Hukuma ta lura tsohon da ya ƙarar da ƙarfinsa yana noma wa Sodecoton auduga ba zai jure layin karɓar fansho ba, sai ta hutar da shi. Fanshon CNPS na mai takardar albashi ne. A 2014 aka buɗe wa sauran jama'a ƙofa, kowa ya riƙa zuba nasa daga rarar da ya samu. A 2014 ɗin dai ƙididdigar gwamnati ta nuna mutum 68 cikin 100 a yankinmu na Arewa matalauta ne, a Arewa Mai Nisa 74, a Yawunde wajen 5. Ka ga a wannan rabon mu aka ba tsoka, sannunsu da adalci!

Da aka ƙaddamar da shirin lafiya ga kowa a 2023, an tuna da mai ciki da yara ƙanana da masu wankin ƙoda. Tsoho mai hawan jini da ciwon suga kuwa aka bar wa 'ya'yansa, don kada zumunci ya mutu. Ɗan na can Duwala yana haya da babur, ya aiko da kuɗin ƙwaya na mako biyu, sauran watan sai saiwa da tawakkali. A Abuja a 2001 an yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Ko rabi ba a kai ba, ai gaggawa aikin shaiɗan ce. Filin ƙwallon Roumdé Adjia dai an gyara shi tsaf don gasar Afirka da aka buga a 2022.

Hatta Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, shugaban farko, ba a manta da hutunsa ba. Tun 1989 yana kwance a Dakar, an tausaya masa ramukan hanyar Ngaoundéré zuwa gida.