Makaɗi Ɗaya, Alƙalai Goma

Duk makaɗin da ya saɓa ganga a Zuru, kafin ya buga sau uku an riga an yanke masa hukunci a majalisa goma. Garin ya tara Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari, ga Hausawa da Fulani, ga 'yan kasuwar Kudu, ga kuma 'ya'yan gari da aikin soja ya zaga da su ƙasar nan kaf suka dawo. Kowa ya zo da kunnensa, kuma kowa ya yi imani nasa ne kaɗai lafiyayye. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su a teburin mai shayi da tasha da shagon mai tura waƙa.

Uban tafiyar shi ne Baba Saje mai ritaya. Zuru gidan soja ce, daga Rikoto har Dabai da wuya ka ratsa unguwa ba ka gaishe da irinsa ba. Ya yi zaman bariki a Enugu da Fatakwal da Benin, kuma a wurinsa an binne jita ne ranar da aka daina buga faifan garmaho. Gwaninsa Victor Uwaifo, mutumin Benin mai waƙar Joromi. "Yaro, me ka sani game da jita? Ni da idona na ga Uwaifo ya juya ta bayan ƙeya yana kaɗawa, ko kuskure ɗaya babu." Matsalar labarin nan ita ce girma yake yi. Bara da ƙeya ne, bana da yatsun ƙafa, baɗi in Allah ya kai mu yana barci zai kaɗa ta. In kana son ganin lagon Baba, sa masa Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976. Zai cire hula, ido ya cika, ya ce ƙurar hunturu ce ta faɗa masa, ko da a tsakiyar Agusta ake. Sauran kiɗan duniya kuwa da ma'auni ɗaya yake auna su: za a iya maci da shi? In ba za a iya ba, shirme ne, a kawo badujala.

Can gefen benci akwai ɗan Shata. Shi a lissafinsa an rufe ƙofar waƙa a 1999, shekarar da Mamman Shata ya rasu, duk abin da ya biyo baya hayaniya ce. Ba ya kiran sunan gwanin nasa kai tsaye, sai dai "Alhaji" ko "Dokta", kuma zai tuna maka cewa Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ba shi digirin girmamawa, ba a kasuwa aka saya ba. Kowane ɗan Shata yana da ranar da ya zauna dab da kalangu har Alhaji ya kalle shi ya yi murmushi. Da za a tara masu wannan ikirari wuri guda, da an gane cewa marigayin bai yi komai a rayuwarsa ba sai murmushi. Abokin gabarsa na har abada shi ne ɗan waƙar fada, mai cewa Shata gwani ne amma azanci na Narambaɗa ne, ko a je a tambayi fadar Sarkin Gobir na Isa. Daga nan sai a shiga gardamar Bakandamiyar wa ta fi nauyi, a jawo Ɗanƙwairo ya yi shaida, wani ya ce ai maƙwabta ma ba a bar su a baya ba, ga Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Shayi ya huce, burodi ya bushe, ba a raba ba. Gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Ɗan Ɗanmaraya hujjarsa ɗaya ce, kuma ta fi ƙarfin kowa. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, amma da shi Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya. Jita tsirkiya shida. Saboda haka, in ji shi, duk mai jita ya amsa da bakinsa cewa sai da taimakon mutum biyar. Baba Saje ya daɗe yana neman amsar wannan magana.

Sai sabon shiga, wanda ni ya fi ba ni nishaɗi: ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da ya gano kiɗan Buzaye. Wayarsa cike take da Bombino na Agadas da Mdou Moctar da ƙungiyar Tinariwen ta Mali. Tarihinsu yana kansa fiye da darasin taki. Zai gaya maka Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012, Bombino ya shiga takararta a 2019, shi kuma Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma waƙoƙinsa daga waya zuwa waya suka ratsa Sahara kafin Turawa su san da shi. Duk gaskiya ne. Abin da bai sani ba shi ne ko kalma ɗaya ta Buzanci. Yana iya lumshe ido yana tunanin budurwarsa alhali mawaƙin kukan fari da mutuwar raƙuma yake yi. A zafin Maris zai naɗa rawani ya rufe baki da hanci ya hau acaɓa, gumi na tsiyaya, ya ce shi ɗan hamada ne, alhali iyakar arewar da ya taɓa zuwa Birnin Kebbi ce. Jita ba shi da ita, amma yana kaɗa ta a iska, kuma da hagu, don gwanin nasa bahago ne.

Wanda ke da jita ta gaske shi ne ɗan kwaya na coci, kuma shi ya fi kowa shiru a majalisa, domin ya san yadda tsirkiya ke yanka yatsa. Burinsa ya zama Panam Percy Paul. Laifinsa ɗaya: rabin sa'a yana murɗa kunnen jita yana "wan-tu, wan-tu" a makirfo, kafin ya gama 'yan zumuntar mata sun ɗauki tulunansu sun tashi taro da rawa ba tare da shi ba.

Akwai kuma mai astagfirullahi. Da an kunna waƙa zai ɓata rai ya kau da kai, amma ka dubi babban yatsan ƙafarsa. In mai shago ya yi kuskuren cewa waƙar ta Nura M. Inuwa ce, shi zai gyara masa: ta Umar M. Shareef ce. A ina ya sani? A mota ya ji, direba ne ya ƙi kashewa.

Lokacin sanyi, bayan an kai amfanin gona rumbu, bikin Uhola ke fito da nasa iri biyu. Na farko ɗan gida ne na ainihi, wanda ya yi golmo, ya shekara bakwai yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Mutumin da ya yi wannan haƙuri ba a kayar da shi a gardama, sai dai ka gaji ka tafi. A wurinsa wasan da ake zama kan kujera ana tafi ba wasa ba ne. Wasa shi ne ganga da ƙaho da ƙura da kokawa, ka koma gida ƙafa ta kumbura. Na biyun ɗan gida ne na Disamba, ya sauka daga Abuja da sabuwar shigar gargajiya da wayoyi biyu. Bikin gaba ɗaya ta cikin gilashin waya yake kallonsa, ya juya wa 'yan rawa baya yana yi wa Facebook bayanin al'adar kakanni. In tsohuwa ta gaishe shi da C'lela, harshen Lelna, sai ya yi dariya ya ce "yawwa, Mama", ya miƙa mata naira ɗari biyar.

'Yan fiyano su ne masu rinjaye, kuma ba ruwansu da tsirkiya. Tun da Jaruma ta Hamisu Breaker ta tashi gari a 2020 suka gama yanke hukunci. A wasanninsu shugaban makaɗa shi ne janareta. Da ya yi tari ya mutu, sai ka ga mawaƙi a kan dandamali yana motsa baki babu sauti, masoya kuma su rantse mura ce ta kama shi. Nan ne fagen mai liƙin ƙarya, wanda ke canjin dubu biyu 'yan hamsin-hamsin, ya ɗaga hannu sama kowa ya gani, ƙanensa na biye a ƙasa yana tsince rabi. In ka yi magana ya ce doka yake bi, ai dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi.

Na bar matan amada a ƙarshe da gangan. Su ba su zuwa majalisa, ba su san Grammy ba, ba su taɓa jayayya a kan wa ya fi wa ba. Gwanarsu Barmani Choge ta rasu tun 2013, amma ranar biki in aka kifa ƙwarya a ruwa, mai ciwon gwiwa ma tashi take yi, ta kwance bakin zani ta ba makaɗiya abin da ta tara, ba ƙane a baya. Da ni ne makaɗi, su kaɗai zan riƙa amsa wa gayyata. Sauran alƙalai kuwa, duk wanda ya ga kansa a nan, ya biya wa mai shayi kuɗinsa kafin ya zo nemana.